An Ci Hatsi Har da Iri: Faifan Bidiyo da Abin da Ƙasar Ƙonni Ke Rasawa

Duk wanda ya yi zama a Birnin Ƙonni cikin shekarun 2000 ya san teburin mai faifai. Yana nan bakin kasuwa, yana nan kusa da tasha, an jera kwalaye masu ɗauke da fuskokin ƴan wasan Kano, ga ƙaramar talabijin a gefe tana ta kuwwa domin mai saye ya gwada kafin ya biya. Kayan kan taso daga Kano zuwa Sakkwato, daga Sakkwato zuwa Illelar Najeriya, daga nan kuma ƴan kilomitoci ne kawai su tsallako iyaka. Daga Ƙonni sai su bazu, wasu su bi babbar hanya zuwa Tsarnawa, Malbaza da Galmi, wasu su haura arewa zuwa Badagishiri da Illelar Adar. A lokacin da kasuwar ta kai ganiyarta, mutum kan sayi faifai guda a ce masa fim shida ne a ciki, ko takwas, ko goma, ya koma gida yana murnar ya yi ciniki.

A yau teburin ya koma na mai tura fim a waya. Faya-fayan kuwa suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, ko yara na wasa da su, ko an rataye su a gona domin ƙyallinsu ya kori tsuntsaye. Ba wanda ya yi musu makoki, kuma da a ce roba ce kawai ake zubarwa da babu abin cewa. Sai dai a cikin faya-fayan nan akwai wasannin kwaikwayo, da kokawa, da bukukuwa, da muryoyin dattawan da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda babu su a wani wuri kuma a duniya. An matse hoto domin a samu a kalla a gida, kuma wannan dabara ce mai kyau. Kuskuren da aka yi shi ne ɗaukar abin da aka matse a matsayin ajiya, aka yar da na asali. Manomi kan daka hatsi ya ci, amma yakan ware iri ya ɗaure a rumbu. A harkar bidiyo an daka hatsin har da irin, kuma malamai da ƙungiyoyin al'adu, waɗanda suka fi kowa sanin darajar ajiya, suna da kaso mai tsoka a cikin wannan laifi.

Yadda ake matse hoto

Yawancin gardamar da aka sha yi a kan faifan nan an yi ta ne ba tare da sanin cikinsa ba, saboda haka ya kamata a fara daga nan. Hoton bidiyo tarin ƙananan ɗige-ɗige ne masu launi, waɗanda ake jerawa layi-layi, a riƙa sauya su sau 25 a kowace daƙiƙa har ido ya ga motsi. Gwargwadon yawan ɗigon, gwargwadon tsabtar hoton, gwargwadon kuma wurin da zai ci. A shekarar 1993 kamfanoni huɗu, Philips da Sony da Matsushita da JVC, suka amince da tsarin ɗora bidiyo a kan faifan CD irin na kiɗa, suka sa masa suna Video CD, wanda kowa ya sani da VCD. Faifan CD ƙaramin mazubi ne, don haka sai da aka rage hoton ya koma ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye, wato ɗigo 101,376 ke nan, sannan aka matse shi da dabarar da ake kira MPEG-1. Da haka faifai guda ke ɗaukar minti 74, ko 80 in babba ne. Fim ɗin da ya wuce haka dole ya rabu gida biyu.

Matsin nan a zahiri zubarwa ce. Na'ura kan yanka hoton gida-gida kamar gidajen dara, ta adana cikakken hoto jefi-jefi, a tsakani kuma ta rubuta abin da ya sauya kaɗai. Duk abin da ta ga ido ba zai yi saurin lura da shi ba sai ta watsar, kuma abin da ta watsar ya tafi ke nan. In mutum na zaune yana magana a gaban bango, dabarar kan yi kyau, domin bango ba ya motsi. In kuwa fili ya cika da motsi da ƙura, sai wurin da aka ware ya kasa, hoton ya farfashe ya zama ƴan murabba'ai masu rawa, irin waɗanda duk mai kallon wancan zamani ya saba gani.

Faifan DVD, wanda ya fara shiga kasuwa a Japan a 1996, ya fi girma ƙwarai. Yana ɗaukar gigabait 4.7, hotonsa kuma ɗigo 720 ne a kwance da 576 a tsaye, wato ninkin na VCD sau huɗu. An yi shi ne domin fim guda na wajen awa biyu ya zauna a ciki a wadace. Amma tsarinsa ya yarda a ɗora masa ƙaramin hoto irin na VCD, kuma nan ne ƴan kasuwa suka ga ƙofa. Lissafin mai sauƙi ne. Minti ɗaya na VCD yana cin wajen megabait 10, saboda haka DVD guda zai ɗauki kimanin awa bakwai na irin wannan hoto, fim huɗu ke nan ko biyar. Wanda ke son ya rubuta fim goma a bayan kwali sai ya sake matse abin da aka riga aka matse, ya zubar da rabin abin da ya saura. Sauti ma sai an juya shi, domin ma'aunin sautin VCD ya bambanta da na DVD, kuma in mai aikin ya yi garaje sai a ga baki ya riga magana ko magana ta riga baki.

Domin a ga girman abin da ake zubarwa, a dubi kyamarar da masu ɗaukar hoto da yawa ke riƙewa a wancan lokaci, mai ƙaramin kaset na MiniDV. Tana rubuta wajen gigabait 13 a awa guda, alhali awa guda a VCD ba ta wuce megabait 620 da wani abin kirki ba. Ke nan cikin kowace tiya ashirin da kyamara ta auno, tiya ɗaya ce ta isa gidan mai kallo. Sauran goma sha tara suna kan kaset ɗin asali, wanda ƴan sana'ar ke kira masta.

A ba faifai haƙƙinsa

Wasu ƴan boko na wancan zamani sun ɗauki ɗabi'ar kallon faifan nan a wulaƙance. Hotonsa dishi-dishi ne, in ji su, sautinsa na ƙara, na'urarsa kayan Sin ne mai araha, abin da ke cikinsa kuma kwaikwayon Indiya ne da satar fasaha. Suna da gaskiya a wasu wurare, amma sun kasa ganin abin da ya fi girma.

Turai da Amurka ba su yi zamanin VCD ba, daga kaset suka tsallaka zuwa DVD. A ƙasashen Asiya da Afirka ta Yamma ne ya yi kasuwa, kuma da dalili. Na'urarsa ba ta da tsada, faifansa ba ya da nauyi, babu wani makulli da ke hana kwafarsa, kuma ba ya da zaren da zai naɗe a cikin na'ura kamar kaset in ƙurar hunturu ta shiga. A kan ƙaramar talabijin mai ƙusumbi, irin wadda ke yawancin gidaje, bambancinsa da kaset bai taka kara ya karya ba. Wanda ya zaɓi VCD a Ƙonni ya yi lissafin mai hankali, domin ya zaɓi abin da aljihunsa da ɗakinsa za su ɗauka.

Nijar ta riga maƙwabtanta da yawa shiga harkar silima. Oumarou Ganda ne ya fara lashe babbar kyautar FESPACO, Étalon de Yennenga, a Wagadugu a shekarar 1972, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Moustapha Alassane, wanda ya yi suna da fina-finan zane tun shekarun 1960, ya daɗe yana zaune a Tawa kafin rasuwarsa a 2015. Abin alfahari ne. Amma mata nawa ne a Dogarawa ko Bazaga suka taɓa ganin aikin waɗannan mazaje? Silimar majigi na buƙatar babban ɗaki da na'ura mai tsada, kuma matar aure ba ta zuwa gidan silima. Bidiyon gida ne ya karya wannan shinge. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, zuwa irin su Sangaya da Wasila da suka cika gidaje a mashigar shekarun 2000, Bahaushiya ta ga labari a harshenta, a tsakar gidanta, ba tare da ta nemi mai fassara ba. Kaset ya buɗe ƙofar, faifai mai araha ya wangale ta.

Bai kuma tsaya a kan kayan Kano ba. Da kyamara guda da kwamfuta guda, saurayi a Ƙonni ko Malbaza kan ɗauki bikin aure, ko naɗin sarauta, ko wa'azin malami, ko wasan kwaikwayon ƴan makaranta, ya ɗora a faifai ya miƙa wa masu shi bayan kwana biyu. A karon farko garuruwan yankin suka ga kansu a talabijin ba tare da sun jira a turo ma'aikata daga Yamai ba. Wanda ya raina wannan bai san abin da yake rainawa ba. Mafi muni kuma, rainin ne ya hana masu ilimi sa hannu a harkar a lokacin da shawararsu za ta yi amfani. Da sun matso kusa, da sun ce wa masu kyamara kalma ɗaya: a ajiye masta.

Abin da matsi ke ci

Ga mai neman labari da dariya, ƙaramin hoto ya wadatar. Ga malamin da ke koyar da al'ada kuwa, abin da na'ura ke fara zubarwa shi ne ainihin abin da yake nema. Ƙananan zane-zane su ne abokan gabar matsi na farko: aikin allura a wuyan riga, zanen lalle a tafin amarya, salon kitso, tsagar fuska da ke bambanta Bagobiri da Ba'are, rubutun da ke kan allo ko ƙyallen taro. Duk waɗannan kan narke su zama tabo. Motsi mai sauri shi ne na biyu: yatsun mai goge a kan tsirkiya, ƙafafun masu rawa, hannun ɗan kokawa a daidai lokacin da ya ɗauki abokin karawarsa. Na uku shi ne duhu. Yawancin bukukuwan ƙasar nan da dare ake yin su, a ƙarƙashin fitila ɗaya ko biyu, kuma baƙar fata a ƙaramin haske ita ce ta fi shan wuya a hannun matsi. Fuskar mai magana kan tsira, amma fuskokin da ke bayansa sai su haɗe su zama inuwa guda.

A ɗauki kokawa misali. Tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, manyan karawa sun samu kyamarorin gidan talabijin. Amma kokawar da ake yi a ƙauye bayan girbi, inda zakarun gobe ke fara nuna kansu, ba ta da mai ɗauka sai saurayin unguwa. Filin kokawa kuwa ya tara duk abin da matsi ba ya so: ƙura, gudu, taron jama'a. Malamin motsa jiki da zai so ya tsayar da hoto ya nuna wa ɗalibai yadda aka yi wani kamu shekara ashirin da suka wuce, abin da zai samu a faifai shi ne murabba'ai masu launin ƙasa.

Lamarin ya ƙara bayyana da talabijin ta sauya. Hoton da ake kira cikakken HD ɗigo 1920 ne a kwance da 1080 a tsaye, ninkin na VCD sau ashirin. Faifan da ya yi kyau a ƙaramar talabijin ta jiya, in aka haska shi a bangon aji ko a babban allon yau, sai kowane ɗigo ya kumbura ya cike gurbin ashirin. Ɗalibi ya dubi wannan ya ɗauka cewa zamanin iyayensa haka yake, dishi-dishi, alhali kyamarar ta ga komai sarai.

Ina masta?

Da a ce kaset ɗin asali na nan, da duk wannan ba abin damuwa ba ne, sai a koma gare shi a fitar da sabon kwafi daidai da zamani. A nan ne ɓarnar take.

A Kano, yadda kasuwar Ƙofar Wambai ta yi aiki shekaru da dama, mai shirya fim kan buga kwalaye ya sayar wa dillali, dillalin kuma ya riƙe kwafin da zai riƙa bugawa. Masanin nan Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya bayyana yadda harkar fim ɗin Hausa ta ginu a kan hanyoyin da aka shimfiɗa tun farko domin kwafar fina-finan Indiya da na Amurka, har dusashewar hoto da ƙarar sauti suka zame wa mai kallo jiki. A irin wannan kasuwa fim kaya ne na ƴan makonni, da ya gama ci sai a juya ga na gaba. Babu wanda aikinsa ne ya kula da abin da zai faru da shi bayan shekara ashirin. Da kasuwar faifai ta durƙushe a shekarun 2010, masu tura fim a waya da tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, suka maye gurbinta, shaguna da yawa sun sauya sana'a, kayan da ke cikinsu kuma suka watse.

A ƙananan garuruwa abin ya fi sauƙin fahimta, ya kuma fi ciwo. Kaset na da tsada, mai kyamara kuwa ɗan ƙaramin jari gare shi. Da zarar ya ɗora bikin wannan mako a faifai, sai ya maimaita kaset ɗin a bikin mako mai zuwa. Ba mugunta ba ce, lissafin ciniki ne, kuma babu wanda ya taɓa ce masa ga kuɗin kaset, a bar wannan kada a goge. Ƙungiyar da ta kashe kuɗi a kan runfuna da kujeru da abincin baƙi ba ta ga dalilin ƙara kuɗin kaset guda ba. Ta karɓi faifanta mai hoton shugaba a bayan kwali, ta sa a durowa, ta ɗauka ta ajiye tarihi.

Faifan da ke cikin durowar kuma ba dawwamamme ba ne. Wanda aka buga a babbar masana'anta yana da ɗan ƙarko, amma wanda aka ɗora da kwamfuta a shago, rubutunsa na kan wani siririn rini ne da zafi da hasken rana ke ɓatawa sannu a hankali. Ƙasar da zafinta ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu ba wurin hutun irin wannan rini ba ce. A faifan CD kuma rubutun na kusa da saman da ake sa suna, saboda haka ƙarzar da aka yi a wannan gefe ta fi ta ƙasa illa.

Labarin fim ɗin Shaihu Umar ya isa darasi. Adamu Halilu ne ya shirya shi a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekaru da dama ana ɗauka ya ɓace, sai a 2016 aka gano zaren asalinsa a cikin kayan Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Cibiyar Arsenal ta birnin Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018, ya fito tas. Abin da ya cece shi guda ne: zaren asali bai salwanta ba. Fim ɗin da ya rage a faifan goma-a-ɗaya kaɗai ba shi da wannan sa'a, ko da dukan ƙwararrun Jamus za su taru a kansa.

Wannan sakaci ba na Hausawa ba ne su kaɗai. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka na zamanin da babu magana sun ɓace gaba ɗaya, wasu kuma sun tsira ne kawai a ƙananan kwafi da ba su kai na asali ba. Su ma sun raina fim a zamaninsa, suka ce abin nishaɗin talaka ne. Bambancin shi ne su sun yi kuskuren tun kafin a san illarsa, nan kuwa an maimaita shi bayan duniya ta gama koyon darasin.

Hujjojin masu naɗe hannu

Akwai masu cewa intanet ta ɗauke wa kowa wannan nauyi, tun da tsofaffin fina-finai sun cika YouTube. Wanda ya duba da kyau zai ga cewa yawancinsu daga faifai aka ciro su, aka sake matsewa, wani ma ya manna tambarinsa a kai, ya yanke sunayen ma'aikata na farko da na ƙarshe. Shafin kuma na wani ne, ranar da aka rufe shi ko mai shi ya manta kalmar shiga, shi ke nan. Bidiyon da ke yawo a WhatsApp ya fi wannan muni, domin manhajar kan rage shi kafin ta aika. Dabarar goma-a-ɗaya ba ta mutu ba, ta koma cikin waya ne kawai, kuma kuskuren na nan yadda yake: ana tura ƙaramin kwafi ga jama'a, a goge babban domin a samu wuri.

Akwai masu cewa ƙirƙirarriyar basira za ta gyara komai. Gaskiya ne manhajojin yau na iya mayar da dusasshen hoto ya yi sumul. Amma ba maido da abin da aka zubar suke yi ba, cike gurbi suke yi da abin da suka yi zato. Za su ɗinka wa dattijo aikin rigar da bai taɓa sawa ba, su shafe masa tsagar gado, su ba shi haƙoran wani. Domin nishaɗi babu laifi. Domin shaidar tarihi kuwa, hoton da ya dusashe da gaskiyarsa ya fi wanda ya yi kyau da ƙarya.

Akwai kuma masu cewa fina-finan ba su cancanci ajiya ba, raye-raye ne da kwaikwayon baƙin al'adu. Mai ajiya ba alƙali ba ne. Fim ɗin da ya fi kowane rauni yana ɗauke da Hausar da ake yi a shekararsa, da irin tufafin, da fasalin ɗaki, da abin da ke ba mutane dariya ko haushi. Ko mai son ya nuna cewa fina-finan sun ɓata tarbiyya yana buƙatar su domin ya kafa hujja. Ballantana bidiyon naɗin hakimi ko na makaɗin da ya rasu, wanda babu mai jayayya a kan darajarsa.

Hujja ta ƙarshe ita ce rashin kuɗi, kuma ita ce mafi rauni. Ma'ajin kwamfuta mai terabait ɗaya zai ɗauki faifan VCD fiye da 1,000. Ƙungiyar da ke iya ɗaukar nauyin taron shekara ba za ta kasa sayen biyu ba.

Abin da ya rage a yi

Tun da a wurare da yawa ƙaramin kwafin ne kaɗai ya tsira, shi ne ya zama iri yanzu, komai rauninsa. Aikin farko shi ne tattarawa. Gidan matasa da al'adu na Ƙonni, da makarantun Malbaza da Illela, da ƙungiyoyin marubuta da na ƴan wasa, suna iya kiran jama'a su kawo faya-fayan da aka ɗauka a yankin, a kwafa a mayar wa kowa da nasa. Ranar 27 ga Oktoba, wadda UNESCO ta ware tun 2005 domin tunawa da kayan tarihi na sauti da hoto, ta dace da irin wannan kira.

Na biyu, a kwafa ba tare da an sake matsewa ba. Wannan shi ne wurin da masu kyakkyawar niyya ke yin ɓarna, su juya faifai zuwa ƙaramin fayil na waya su yar da faifan. A cikin VCD akwai jaka mai suna MPEGAV, a cikin DVD kuma VIDEO_TS. A ɗauke su yadda suke, domin kwafar fayil ba ta rage komai, juya shi ne ke ragewa. In ana son na waya, sai a yi shi daban, a sa masa suna daban.

Na uku, a nemi tsofaffin masu kyamara tun suna raye. Wasunsu na da kaset ɗin da ba a goge ba a cikin akwati, kuma kowane ɗaya ya fi faifai ashirin daraja. Lokaci ba ya jira, domin na'urorin karanta su na ƙarewa: kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar kaset ɗin VHS, ya daina a 2016, kuma yawancin sababbin kwamfutoci ba su da ko wurin sa faifai.

Na huɗu, a rubuta. Hoton da ba a san wane ne a ciki ba, a ina, a wace shekara, rabin shaida ne. Wannan aiki ne da ya dace da ɗalibai: su zauna da dattawa a gaban allo, su tambayi sunan makaɗi da na unguwa da dalilin taron, su rubuta da Hausa. Malamin harshe ba zai samu darasin da ya fi wannan ba.

Na biyar, kada ajiya ta zauna a wuri ɗaya. A yi kwafi uku, ɗaya ya bar garin, a nemi haɗin kai da cibiyoyin Yamai da suka saba da adana muryoyin gargajiya, irin su IRSH da CELHTO. A kuma riƙa dubawa duk bayan ƴan shekaru ana sauya mazubi, domin ma'ajin kwamfuta ma na mutuwa. A kiyaye amana: bidiyon biki sirrin gida ne, akwai matan mutane a ciki, ba a nuna shi sai da yardar masu shi. Fim ɗin kasuwa kuma na da mai haƙƙi, ajiye shi ba izinin sayar da shi ba ne.

Na ƙarshe shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne zai hana a maimaita wannan magana bayan shekara ashirin. Duk ƙungiya ko makarantar da ta ɗauki mai kyamara daga yau, ta sa a cikin yarjejeniya cewa kaya biyu zai kawo: ƙarami na turawa a waya, da babba yadda ya fito daga kyamara. A biya shi kuɗin duka biyun.

Manomin albasa a Galmi ba ya buƙatar a yi masa wannan bayani. Yakan loda buhuna a mota su tafi Abijan da Akara, amma kafin motar ta zo ya riga ya ware albasar da za ta ba shi iri, kuma ko farashi ya kai ina ba ya taɓa ta. Malaman da ke koya wa ƴaƴansa tarihi, da ƙungiyoyin da ke taro da sunan al'adarsa, su koma gida su duba abin da ke cikin durowa tun faifan na karantuwa.